Yadda Ake Gina Addu'a a Kan Tausayin Allah

Kafin mutum ya buɗe baki a addu'a, ya riga ya yanke wani hukunci a zuciyarsa game da wanda zai yi wa magana. Wanda ya ɗauki Allah kamar abokin ciniki yakan zo da lissafi: na yi azumin kwana kaza, na ba da baiko kaza, saura a biya ni. Wanda yake ganinsa alƙali ne mai ɗaure fuska kullum yakan zo da kame-kame, ranar da ya yi babban laifi kuwa ba ya zuwa sam. Yawancin matsalolin addu'a da ake ɗora wa kasala ko ƙarancin lokaci daga nan suke tasowa. Saboda haka gyaran yana farawa ne daga abin da Allah ya faɗa game da kansa, sannan a bi da shi cikin kowane sashe na addu'ar.

Fara da ayar da sauran addu'o'i suka jingina da ita

A Fitowa 34:6 Allah ya wuce a gaban Musa a kan Dutsen Sinai, ya bayyana sunansa: Ubangiji, Allah mai jinƙai, mai alheri, mai jinkirin fushi, mai yalwar ƙauna da aminci. Lokacin da aka faɗi maganar yana da muhimmanci ƙwarai. Jama'a ba su daɗe da ƙera ɗan maraƙin zinariya ba (Fitowa 32), Musa ya farfasa alluna na farko, ya sassaƙa sababbi biyu ya hau da su. Ga mutanen da suka karya alkawari tun bai yi sanyi ba Allah ya ce shi mai jinƙai ne. Musa bai tsaya nazari ba. A aya ta 8 da ta 9 ya sunkuya har ƙasa nan take, ya roƙi Allah ya tafi tare da su duk da taurin kansu, ya gafarta musu.

Daga nan wannan aya ta zama abin riƙon masu addu'a. Musa ya sake ɗauko ta a Littafin Ƙidaya 14:18 sa'ad da jama'a suka ƙi shiga ƙasar alkawari. Tana cikin Zabura 86:15, da 103:8, da 145:8, da Nehemiya 9:17, da Yowel 2:13. Abin da masu roƙo a cikinsu suke yi iri ɗaya ne: suna mayar wa Allah maganarsa, su kafa roƙonsu a kanta.

Kalmar Ibrananci da aka fassara "mai jinƙai" a nan, wato rahum, tushenta ɗaya da rehem, sunan mahaifa. Kalmar "rahama" da muke amfani da ita, wadda ta zo daga Larabci, 'yar gida ɗaya ce da su. Irin abin da uwa take ji game da ɗan da ta ɗauka a cikinta ake nufi, shi ya sa Ishaya 49:15 ya yi tambaya ko mace za ta manta da jaririn da take shayarwa, sannan ya ce ko da ita ta manta, Allah ba zai manta ba. A Sabon Alkawari kuma akwai wata kalmar Helenanci da aka samo daga sunan kayan ciki, wadda take nuna tausayin da ke motsa hanjin mutum. Sau 12 ta fito, duka a Matiyu da Markus da Luka, kuma kusan ko'ina aiki ne ke biye da ita: Yesu ya taɓa kuturu (Markus 1:41), ya ciyar da taro (Markus 8:2), ya tsayar da makara a ƙofar garin Nayin ya mayar wa gwauruwa ɗanta tilo (Luka 7:13-15).

Aikin farko ke nan: haddace Fitowa 34:6 da Zabura 103:13-14. Ayoyi 3 ne kawai, mako guda ya isa idan ana maimaita su safe da yamma. A haddace su tun hankali yana kwance, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da baƙin ciki ko kunya suka rufe mutum ba ya iya neman aya, sai wadda take bakinsa.

Tsarin minti 15

Tsawon lokaci ba doka ba ne, amma mai farawa yana bukatar ma'auni. Minti 15 a lokaci guda kowace rana ya fi awa biyu sau ɗaya a wata.

Minti 2 ko 3 na farko, kada ka roƙi kome. Karanta aya ɗaya a kan jinƙan Allah da murya, a hankali, sau biyu. Sai ka juya ta daga "shi" zuwa "kai". Idan ayar ta ce Ubangiji yana jin tausayin masu tsoronsa kamar yadda uba yake jin tausayin 'ya'yansa, kai sai ka ce, "Ya Uba, kai kake jin tausayina. Ka san abin da aka yi ni da shi, kana tune cewa ni ƙura ne." Wannan ɗan juyi yana raba karatu da addu'a. Mutane da yawa suna tsallake shi su faɗa roƙo kai tsaye, sai damuwarsu ta zama ita ce mai jan ragamar addu'ar tun daga farko har ƙarshe.

Minti 4 na gaba, faɗi halin da kake ciki yadda yake. Minti 4 kuma na roƙo domin kanka, 3 domin waɗansu, sauran ka yi shiru ko ka yi godiya a kan abu ɗaya takamaimai da ka gani a jiya. Idan wani sashe ya cinye lokacin sauran, bar shi. Akwai ranar da furta zunubi kaɗai zai cika minti 15 ɗin, babu laifi.

Furta zunubi

A nan ne ake gane ko mutum ya gaskata da tausayin Allah, don haka za mu daɗe a kai.

Dubi misalin da Yesu ya bayar a Luka 18:9-14. Mutum biyu suka shiga Haikali. Bafarisiyen ya tsaya ya jera ayyukansa: azumi sau biyu a mako, zakka daga duk abin da ya samu. Ba ƙarya ya yi ba, ya yi su. Amma idan ka karanta addu'arsa da kyau za ka ga bai roƙi kome ba, domin a ganinsa ba ya bukatar kome. Mai karɓar harajin kuwa ya tsaya daga nesa, ya kasa ko ɗaga ido sama, yana bugun ƙirji yana cewa, "Ya Allah, ka yi mini jinƙai, ni mai zunubi." Kalmar da ya yi amfani da ita a Helenanci ta shafi kafara, wato shafe laifi ta wurin hadaya, ita ce kuma aka yi amfani da ita game da aikin Almasihu a Ibraniyawa 2:17. Mai karɓar harajin ne ya koma gida baratacce.

Daga wannan da Zabura 51 ana iya fitar da yadda ake yi. Ka sa jinƙan Allah a gaba, laifin ya biyo baya. Dawuda, bayan annabi Natan ya tsare shi a kan Batsheba da kisan Uriya, ya buɗe baki ne da roƙon jinƙai bisa ga ƙaunar Allah da yawan rahamarsa, kafin ya ambaci laifinsa. Wanda ya fara da laifin yakan nutse a cikinsa. Sannan ka kira laifin da sunansa. "Ka gafarta mini idan na yi kuskure" ba furci ba ne, kwana-kwana ne. Ka ce, "Na yi wa wane ƙarya a kan kuɗin nan," ko "Na wulakanta matata a gaban yara." Kada ka haɗa da hujja. Da zarar "amma shi ma ai..." ta shigo, ka koma kare kanka. Bayan haka ka karanta 1 Yahaya 1:9 da murya, inda aka ce idan muka furta zunubanmu, shi mai aminci ne, mai adalci, zai gafarta mana ya tsarkake mu. Sai ka yi godiya, ka tashi. Idan akwai wanda ka cuta, sa ranar da za ka je wurinsa ko ka mayar masa da abinsa, kamar yadda Zakka, shugaban masu karɓar haraji, ya yi alkawarin mayarwa ninki huɗu (Luka 19:8).

Abin da ya fi lalacewa a nan shi ne maimaita furcin laifi guda, wanda aka riga aka tuba aka bari, sau goma, sau ashirin, don zuciya ba ta ji sanyi ba. Dalilinsa shi ne mutum ya mayar da yadda yake ji ya zama ma'aunin gafara. Wani kuma yakan ɗora wa kansa horo: ba zan yi addu'a ba sai na yi kwana uku ina nadama, sannan in cancanci zuwa. Wannan biyan bashi ne da sunan tawali'u. Ɗan nan da ya lalatar da gādonsa a Luka 15 ya shirya jawabi mai kashi uku tun yana can: na yi zunubi, ban isa a kira ni ɗanka ba, ka mai da ni kamar ɗaya daga cikin barorinka. Uban ya hango shi tun daga nesa, tausayi ya kama shi, ya sheƙa a guje ya rungume shi. Kwatanta aya ta 19 da ta 21: yaron ya faɗi kashi biyu na farko, bai kai ga na ukun ba uban ya riga ya aika a kawo riga da zobe da takalma. Sashen da yake neman ya biya da aikin hannunsa ne bai samu shiga ba.

Idan tunanin laifi ya zama ba ya barin mutum barci ko aiki duk da ya furta, ya kamata ya zauna da fasto ko wani dattijo a cikin bangaskiya, wani lokaci ma da likita, domin akwai ciwon damuwa da ke ɗaukar kamannin nadama.

Akwai kuskure na ɗaya gefen kuma. Fitowa 34:7 ta ci gaba da cewa Allah ba zai kuɓutar da mai laifi haka kawai ba. Wanda yake shirya zunubin gobe yana cewa ai Allah mai jinƙai ne bai fahimci jinƙan ba tukuna. Bulus ya ce alherin Allah yana jan mutum ne zuwa tuba (Romawa 2:4), ya kuma ƙi batun ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita (Romawa 6:1-2). Gwajin mai sauƙi ne: furcin da ba ya tare da niyyar bari, ko da niyyar mai rauni ce, a sake duba shi.

Kai kuka

Mutane da yawa sun ɗauka rashin ladabi ne a gaya wa Allah cewa rai ya ɓaci. Sai su yi masa godiya da baki alhali zuciya tana tafasa, kuma ba a daɗewa addu'ar take zama nauyi. Zabura ba ta koyar da haka ba. Zabura 13 ayoyi 6 ce kacal, a biyun farko Dawuda ya ce "har yaushe" sau 4. Tsarinta ya dace da mai koyo: ayoyi biyu na kuka, biyu na roƙo, biyu na dogara. Ka bi wannan tsari da naka kalmomin. Rubuta jimla biyu a kan abin da ke cinka, biyu a kan abin da kake so Allah ya yi, biyu a kan abin da ka sani game da halinsa.

Kada ka yi gaggawar kai wa kashi na uku don kawai ka rufe da daɗi. Zabura 88 ta ƙare ne da duhu, ba ta juya zuwa yabo ba, amma tana cikin Littafi Mai Tsarki, kuma daga farkonta har ƙarshe da Allah take magana. Bambancin kuka da gunaguni ke nan: mai gunaguni yana maganar Allah a bayan idonsa, mai kuka yana fuskantarsa. Ayoyin nan da ake yawan ambata, cewa jinƙansa ba ya ƙarewa, sabo ne kowace safiya (Makoki 3:22-23), an rubuta su ne a tsakiyar makokin rushewar Urushalima a hannun Babila.

Roƙo

Daniyel 9:18 ta ba da hujjar da ta fi kowace ƙarfi: ba don adalcinmu muke kawo roƙonmu gabanka ba, sai don yawan jinƙanka. Saurari addu'arka na kwana biyu ko uku, ka lura da abin da ke biyo bayan kalmar "domin". Idan "domin na yi maka hidima" ne ko "domin ban taɓa fashin sujada ba", ka canza shi zuwa "domin kai mai jinƙai ne". Amfanin wannan a fili yake. Hujjar da ta dogara da kai tana rushewa ranar da ka fāɗi, kuma ranar ce ka fi bukatar addu'a.

Sannan ka faɗi abin da kake so dalla-dalla. Bartimawas makaho yana zaune a bakin hanyar Yariko yana ihu, "Ɗan Dawuda, ka ji tausayina!" Mutane suka kwaɓe shi, ya ƙara ɗaga murya. Da Yesu ya tsaya ya sa aka kira shi, ya yar da mayafinsa ya zabura ya zo, sai Yesu ya tambaye shi abin da yake so a yi masa (Markus 10:46-52). Kowa yana ganin makaho ne, duk da haka an bar shi ya faɗa da bakinsa. Neman tausayi ya buɗe ƙofa, sai roƙo takamaimai ya biyo. Maimakon "ka albarkaci iyalina", ka ambaci sunan yaron da abin da ke damunsa.

Ba a bukatar yawan magana ko ɗaga murya don a shawo kan Allah. Yesu ya ce Ubanku ya san bukatarku tun ba ku roƙa ba (Matiyu 6:7-8). Ba a kuma bukatar ka ɓoye shakka. Mahaifin yaron nan mai farfaɗiya ya ce, "Na gaskata, ka taimaki rashin bangaskiyata" (Markus 9:24), aka kuwa warkar da ɗansa.

Idan amsa ba ta zo yadda aka roƙa ba, abin da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne Allah ya yi fushi, ko bai damu ba. A nan sai a riƙe misalai biyu. Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Allah ya ishe shi (2 Korantiyawa 12:8-9). Yesu kansa a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, ya kira Allah "Abba", ya miƙa kai ga nufinsa (Markus 14:36). Ba wanda zai ce Uban ba ya ƙaunar Ɗan. Saboda haka ci gaba da roƙo, ka ƙara da neman ƙarfin ɗaukar abin muddin yana nan. Ajiye ɗan littafi da kwanan watan kowane roƙo yana taimakawa, a duba shi bayan wata 3, domin mantuwa tana sa mutum ya ƙirga abin da aka hana shi kawai.

Addu'a domin waɗansu

Yunusa ya san Fitowa 34:6 sarai. Ya ma karanta wa Allah ita a Yunusa 4:2, amma cikin fushi, domin jinƙan ya sauka a kan Nineba, birnin abokan gāba mai mutum fiye da 120,000. Ana iya haddace ayar a so ta tsaya a kan mutum shi kaɗai. Misalin bawan nan a Matiyu 18:23-35 ya sa lissafin a fili. An yafe masa talanti 10,000, shi kuma ya shaƙe abokinsa a kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan aikin yini ne, talanti ɗaya kuwa kimanin dinari 6,000, wato bashin da aka yafe masa ya ninka wanda yake bi sau 600,000.

A aikace, sa mutum ɗaya da ya ɓata maka rai a cikin addu'arka ta kullum na tsawon kwana 30. Ambaci sunansa. Roƙa masa abu ɗaya na alheri wanda kai ma kake roƙa wa kanka. Kula kada addu'ar ta koma ƙara, irin "ka nuna masa kuskurensa" kullum. Makon farko bakin zai yi nauyi, wannan ba munafunci ba ne, biyayya ce ga umarnin ƙaunar magabta da yi musu addu'a (Matiyu 5:44) tun zuciya ba ta iso ba. Yin haka kuma ba ya nufin ka koma hannun mai cutar da kai, ko ka fasa neman hakkinka ta hanyar da ta dace.

Ga masu bukata kuwa, rufe kowane roƙo da tambaya: akwai abin da ke hannuna? Yakubu 2:15-16 ya tsawata wa mai sallamar mayunwaci da fatan alheri hannu wofi.

Ranar da magana ta ƙare

Rashin lafiya, rashi, ko gajiya sukan kai mutum inda ba ya iya haɗa jimla. Tun ƙarnonin farko ikilisiya take da gajeriyar addu'a domin wannan, Kiriye eleyison da Helenanci, ma'anarta "Ya Ubangiji, ka yi jinƙai". Kiristocin Otodoks na Gabas suna da mai ɗan tsawo: "Ya Ubangiji Yesu Almasihu, Ɗan Allah, ka yi mini jinƙai, ni mai zunubi." Ana faɗinta a hankali, rabi da jan numfashi, rabi da saukewa, na minti 2 zuwa 5. Ba a ƙirga ta don tara lada, kuma idan baki ya ci gaba hankali ya tafi, a tsaya a dawo da shi ga wanda ake kira. Wanda ko wannan ya gagare shi, ya buɗe ɗaya daga cikin zaburoyin tuba guda 7, wato 6, 32, 38, 51, 102, 130 da 143, ya karanta kamar nasa. Ta 130 ayoyi 8 ce kawai, da ita ya fi sauƙin farawa. Idan ido ma ba ya iya karatu, ya sa wani ya karanta masa, shi ya amsa da "Amin". Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana taimakonmu cikin rashin ƙarfinmu, yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa da baki.